Na ce mata ta yi haƙuri, tun ranar ba ta sake tako gidana ba

Uwar Asusu, unguwar Zariya, ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ɗana ne ya nuna mini wurin nan a salula, ya ce akwai ma'aikatan lafiya da malamai a ciki, in kawo tambayata. A aji shida na bar lakwal, don haka ku yi mini uzuri in zancen ya yi tsawo ko ya karkace.

Ni ke riƙe da asusun matan layinmu, irin tsarin Mata Masu Dubara da aka faro nan jihar Maraɗi tun 1991. Mu ashirin da bakwai ne. Kowace Alhamis bayan la'asar mukan haɗu gindin dogon yaron gidana, kowa ta zuba dala hamsin, mai son rance ta ɗauka, a rufe akwati a watse. To amma ba kowa ke watsewa ba. Kullum sai an samu wadda za ta tsaya tana dube-duben takalminta alhali ga shi nan gabanta. Shekara goma sha ɗaya ina wannan hidima, na san mai neman takalmi magana ce ke cin ta. Wata miji ne, wata kishiya, wata ɗa ya faɗa shan tramol, wata bashi ya hana ta barci. Ni kuwa abin da na gada shi nake yi: in ba da haƙuri, in yi nasiha, in kawo misali da abin da ya taɓa samuna. Da ina ganin na iya.

Akwai wata yarinya cikinmu, ba za ta wuce shekara ashirin da biyar ba, mai suyar awara. Ruwan nan na Juma'a 30 ga Agusta 2024, wanda ba ɗan Maraɗin da zai manta shi, ya kayar da bangon ɗakinsu a kan ɗanta mai shekara uku. An yi zaman makoki, mun je, mun kai abin da ya sawwaƙa. Suka zauna cikin ajin wata makaranta tare da sauran waɗanda ruwa ya kora, sai da aka zo komawa karatu ƙarshen Oktoba suka tare gidan wan mijinta. Cikin Nuwamba ta dawo asusu. Ta rame, ba ta ce uffan ba har aka tashi. Da kowa ta fita sai ta zauna kan turmin da na kife bakin madafa, tana murza bakin mayafinta. Can ta ce, "Inna, ni fa na kwantar da shi gindin bangon nan. Can ne kaɗai ba ya yoyo."

Ban bari ta rufe baki ba. Na ce haba ɗiyata, kul na sake jin wannan magana, kwanansa ne ya ƙare, ki yi haƙuri, ke yarinya ce Allah zai ba ki wani. Na ce ni nan da kike gani biyu na binne. Na shiga ba ta labarin nawa, wanda ƙyanda ta ɗauke da wadda zazzaɓi ya ɗauke, har aka kira magariba ni ke magana. Ta miƙe ta ce, "To Inna, na gode." Shi ke nan. Yau wata biyu da 'yan kwanaki, ɗiyar maƙwabta take ba zubinta ta kawo, ita ba ta sake tako gidan ba. An ce ko suyar ta bari.

Ba ƙarya ko ɗaya cikin abin da na gaya mata, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Wannan abu na zama da mai damuwa, koyonsa ake yi ko baiwa ce? In ana koyo, ina mace irina marar takarda za ta koya a garin nan? Ita kuma yarinyar, in bi ta ne ko in ƙyale ta har ta huce?

Malamar Likita ta amsa:

Wa alaikumus salam Inna, sannu da ɗawainiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ba lokotoron ƙwaƙwalwa ba, amma na samu horo kan wannan lokacin da 'yan gudun hijira suka kwararo daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa yankin Gidan Rumji a 2019, na kuma yi aiki da matan da aka mayar Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. Koyonsa ake yi, kamar yadda ake koyon ɗaurin rauni. Kuskuren da kika yi kuwa da shi ni ma na fara.

Ranar farko ta horon aka zaunar da mu bibbiyu. Ɗaya ta faɗi wata damuwarta minti biyar, ɗayar ta saurara, an hana ta ba da shawara, an hana ta cewa "ni ma". Wallahi Inna ban kai minti guda ba na ce wa abokiyar zamana, "Ai da kin..." Mai horon ta taɓa kafaɗata ta ce a sake. Sau huɗu ina faɗuwa. Sai ranar na gane yawancin haƙurin da nake ba mutane kaina nake ji da shi: kukan ne ke ƙona ni, nake lalube murfin da zan rufe tukunyar.

Ki sake duba maganar yarinyar nan. Ba cewa ta yi ɗana ya rasu ba, wannan kowa ya sani, an yi mata ta'aziyyarsa sau ɗari. Cewa ta yi ni na kwantar da shi. Kusan wata uku tana ɗauke da wannan kaya, ina jin ko mijinta bai ji shi ba, ta zaɓe ki ta sauke. Da kika ce kul, abin da kunnenta ya ji shi ne ko gaban Inna ba a sauke irin wannan. Sai ta ɗauki abinta ta tafi. Maganar Allah zai ba ki wani kuma, ga uwar da ke cikin makoki, kamar an ce wanda ya tafi kwano ne da za a sayo madadinsa a kasuwa.

Da ni ce sai in yi shiru tukuna. In mutum ya dakata, ki ƙirga goma a zuci kafin ki buɗe baki. Sau da yawa kafin ki kai bakwai ya ci gaba, kuma abin da ke biyo bayan shirun nan shi ne ainihin zancen. Sannan ki mayar mata da maganarta, ba taki ba: "Kin kwantar da shi can ne don kar ruwa ya jiƙa shi." Kin ga ba ki yi mata gardama ba, ba ki yanke mata hukunci ba. Gaskiyar da ke cikin bakinta kika ɗauko, wato kare shi take yi, kika ajiye mata inda za ta gan ta. Tambaya ma akwai iri. In kin ce "Kina barci?" za ta ce i don kunya. In kin ce "Yaya darenki ke wucewa?" dole ta ɗan yi bayani.

Abin da aka koya mana ana kiransa agajin farko na kwantar da hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoransa a 2011 tare da wasu ƙungiyoyi biyu, akwai shi da Faransanci da Larabci a intanet kyauta, ɗanki na iya sauke shi ya riƙa fassara miki. Ba don masu digiri aka yi shi ba, don irinku aka yi: malaman makaranta, limamai, shugabannin mata. Kalma uku ce ta riƙe shi, duba, saurara, sada. Mutane kan ɗauka duk aikin zance ne. Na tuna wata tsohuwa daga wajen Sabon Birni da na yi ta zama kusa da ita ina jiran ta ba ni labarin harin da aka kai ƙauyensu. Kwana biyu ba ta tanka ba. Ashe abin da ke ranta biyu ne: ba ta da tukunyar kanta sai ta ara, kuma ba ta san ko jikanta na raye ba. Da aka samo tukunya, aka kai sunan yaron wurin masu haɗa dangin da suka rabu, sai ta fara cin abinci. Labarin harin har na bar wurin ba ta ba ni ba, ni kuma ban nema ba. Ba a tilasta wa mutum ya maimaita abin da idonsa ya gani. Da can akwai salon tara waɗanda masifa ta shafa a sa kowa ya zayyana abin dalla-dalla a zama guda. Bincike ya nuna hakan ba ya hana ciwon firgita, Hukumar ma ba ta yarda a yi shi ba. Kar kuma ki yi alkawarin abin da ba a hannunki yake ba, ko na kwano ɗaya na hatsi.

Yanzu inda ikonki ya tsaya. Baƙin ciki ba cuta ba ne, uwar da ta rasa ɗa wata biyar da suka wuce tana kuka ba magani take buƙata ba. Amma in ta daina ci, ta daina wanka, ba ta iya kula da kanta, ko tana jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko zancenta ya rikice, wannan ya wuce gindin dogon yaro. A fara da likitar unguwa, su suka san inda ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa suke su tura ta. Ba kowane ne sai an kai Yamai ba. Akwai kuma tambayar da ke da nauyin baki, amma dole a yi ta ƙarara: "Kin taɓa jin gara ki mutu? Kin yi tunanin yi wa kanki wani abu?" Tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin, an bincika wannan sosai, sauƙi ma yake ji an ba shi damar faɗa. In ta ce i, ba a barin ta ita kaɗai, a fitar da fiya-fiya da maganin ɓera da na feshin gona daga gidan, a kai ta likita ranar. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya maganin ƙwari ne silarsu, shi ya sa muke matsawa kan wannan.

Wurin koyo: ki je likitar unguwarku ki ga shugabanta, ki ce kina shugabantar mata ashirin da bakwai, a sa sunanki in horon masu wayar da kai ya taso. Ki leƙa ofishin ƙungiyar agaji ta Kurwa Ruj, sukan horar da 'yan sa-kai. Agajin farkon nan kwana ɗaya ko biyu ake koyar da shi. Akwai na gaba da shi da ake kira PM+, zama biyar ne mako-mako, kowane awa ɗaya da rabi, an gwada shi a Pakistan da Kenya, amma shi sai da horo mai tsawo da mai sa ido a kanki. Rashin takarda kuwa kar ya dame ki. A Zimbabuwe wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, kakanni mata ya horar, suna zama kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, mai damuwa ya zo su yi zama shida. Sunan ciwon da harshensu, kufungisisa, ma'anarsa tunani ya yi yawa, daidai yadda muke faɗa a nan. Da aka auna, waɗanda suka zauna da tsofaffin sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba.

Ki bi ta, Inna. Ba fushi take yi ba balle ta huce.

Alhaji na Babbar Kasuwa ya amsa:

Hajiya ni ban ga laifinki ba. Mu Musulmi ne, abin da aka ce mu gaya wa wanda aka yi wa rasuwa shi kika gaya mata. Haƙuri maganin zaman duniya. Iyayenmu sun binne 'ya'ya nawa ba tare da wani ƙirga goma ba? Wannan duk tsarin Nasara ne, su da ba su da tawakkali. In aka bar mace tana ta maimaita ni na kwantar da shi, ai Shaiɗan aka ba fili. A kai mata malami ya yi mata addu'a kawai.

Malamin Zaure, Limanci, ya amsa:

Alhaji, Allah shi ƙara arziki. Maganarka akwai gaskiya cikinta, amma ka ja ta ta wuce inda ta tsaya. Ni shekara talatin ina zaman ta'aziyya a garin nan, bari in faɗi abin da na karanta da abin da na gani.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wata mata tana kuka bakin kabari, a ruwayar Muslim ɗanta ne. Ya ce mata ta ji tsoron Allah ta yi haƙuri. Ba ta gane shi ba, ta ce ya rabu da ita, shi ba a jarrabe shi da masifarta ba. Mu malamai mukan yi tsalle mu faɗa ƙarshen hadisin, inda ya ce haƙuri yana wurin bugun farko. Amma dubi tsakiyarsa. Da ta mayar masa da wannan magana, bai tsaya yi mata wa'azi na biyu ba, bai ce kin san ko ni wane ne ba. Wucewa ya yi. Da hankalinta ya dawo ita ta zo ƙofarsa, ba ta tarar da mai gadi ba, sannan ya yi mata bayani. Ashe ko maganar gaskiya tana da lokacin da take shiga.

Ranar da ɗansa Ibrahim ke barin duniya idanunsa suka zubar da hawaye, har Abdurrahman bin Auf ya ce har kai ma ya Manzon Allah? Ya ce wannan rahama ce, ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Annabi Yaƙub kuwa, wanda ya ce haƙuri mai kyau, shi ne dai Suratu Yusuf ta ce idanunsa sun yi fari don baƙin ciki. Kuka da haƙuri ba kishiyoyi ba ne, ɗaki ɗaya suke kwana. Sannan da labarin shahadar Ja'afar bin Abi Ɗalib ya iso daga Mu'uta, umarnin da ya bayar shi ne a dafa wa iyalan Ja'afar abinci, domin abin da ya shagaltar da su ya zo musu. Tukunyar tsohuwar da Malama ta ambata ba daga Turai ta zo ba.

Iyayenmu da ka ce sun binne 'ya'ya ba su ƙirga goma ba, su ai wuni suke yi kan tabarma ɗaya da mai makoki, suna tsinkar zogale, ba mai cewa komai sai "ya ƙarin haƙuri" jefi-jefi. Mu ne yanzu muke shiga da kabu-kabu yana jiranmu a waje, mu sauke nasiha minti biyar mu fita. Batun Shaiɗan kuma, a ganina ya fi samun fili wurin wadda ta kulle magana a ciki ita kaɗai cikin dare.

Hajiya, addu'a ki yi mata, amma ki tambaye ta tukuna ko tana so ku yi tare. In kuma alamun da Malama ta faɗa sun bayyana, kar a tsaya kan tofi da rubutu. Na sha ganin wanda aka yi wata shida ana cewa iskoki ne, aka kai shi asibiti da ƙyar, ashe farfaɗiya ce mai magani.

Mushe, makarantar boko, ya amsa:

Inna ina wuni. Abu biyu zan ƙara, na farko daga kuskurena ne.

Amana. Kina da mata ashirin da bakwai, kuma kin san yadda zance ke yawo a layi. Wataƙila cikin abin da ya hana ta dawowa har da tsoron an ji. Wani yaro ɗan aji biyar ya taɓa gaya mini abin da ke faruwa a gidansu, ni kuma da kyakkyawar niyya na faɗa wa abokin aikina muna shan shayi, don mu nemo mafita. Kwana uku zancen ya dawo kunnen yaron ta bakin wani. Har ya bar makarantar bai sake haɗa ido da ni ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Tun farkon zama ki gaya mata abin da ta faɗa nan zai tsaya, sai fa in kin ga ranta ko na wani na cikin haɗari, nan za ki nemi taimako, kuma da saninta. Labarin wata ma kar ki kawo mata a matsayin misali, ko kin ɓoye suna. Za ta ce gobe nawa ne misalin.

Na biyu, in akwai wasu yara a gidan a duba su. Bayan gobarar da ta cinye azuzuwan zana a garin nan cikin Nuwamba 2021, ta ɗauke yara fiye da ashirin, mu da ke wata makarantar daban sai da muka ga abin a ajinmu. Wani ya koma fitsarin kwance, wata ba ta yarda ta zauna nesa da ƙofa, in an ƙona shara a waje aji ya hargitse. Yaro ba ya cewa ina cikin damuwa, jikinsa da wasansa ke faɗa. Dukan yaro ba ya gyara wannan. Abin da ya taimaka shi ne komawa tsarin kullum, takarda da fensir su zana abin da suka ga dama, da amsa tambayarsu da gaskiya daidai hankalinsu. A daina cewa wane ya yi tafiya. Yaron zai yi ta tsaron ƙofa, ran da ubansa ya ce zai je Kano ya fasa ihu ba a san dalili ba.

Uwar Asusu ta dawo:

Na gode muku duka, Allah shi saka da alheri. Allah gafarta Malam, hadisin matar nan na san shi tun ina yarinya, amma ban taɓa lura da cewa wucewa ya yi ba. Alhaji kai ma na gode, da na karanta taka sai na ji kamar muryata ce ta ranar.

Na je shekaranjiya Talata da hantsi, lokacin da na san maza sun fita. Na dama fura na ɗauka. Na tarar da ita bayan ɗaki tana tsince wake cikin faifai, ko in ce faifan na gabanta dai. Ta zabura za ta shimfiɗa mini tabarma, na ce bar shi, na zauna kan bokiti kife na ja faifan tsakaninmu. Na ce, "Ɗiyata, ranar nan kin kawo mini magana na tare ki da tawa. Ban kyauta ba. Yau kunne na kawo." Na ce kuma abin da aka faɗa nan, nan zai kwana.

Malama, ƙirga goman nan akwai wuya. Na ƙirga ya fi sau biyar, waken ya kusa ƙarewa, ba ta ce komai ba. Sau uku haƙuri na zuwa bakina ina cije bakin mayafi. Can sai ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da takalmin roba ƙafa ɗaya, shuɗi, ɗan wannan. Ta ce shi kaɗai ta tono. Ta ce ɗayan na can ƙarƙashin ƙasa, kullum dare sai ta ga yana yawo da ƙafa ɗaya ba takalmi. Ta yi kuka irin wanda ban ji ta yi ba ko ranar makoki. Ban ce ta daina ba, na riƙe hannunta kawai. Da ta sake faɗin maganar bangon, na mayar mata kamar yadda kika koya mini. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Har zanena na lulluɓa masa, Inna." Na ce har zanenki. Muka sake yin shiru.

Na tambaye ta yadda darenta ke wucewa. Ta ce sai asuba barci ke ɗan sace ta, in iska ta kaɗa kwanon rufi sai ta fito tsakar gida duk sanyin nan. Tambayar mai nauyi ma na yi ta, gabana na faɗuwa. Ta ce a'a, tana tsoron Allah, ba ta taɓa nufin yi wa kanta komai ba, amma sau da yawa takan so a ce ta kwanta ba ta farka ba. Ban yi salati na firgita ta ba, ko da yake saura kaɗan. Na ce wannan ya fi ƙarfina ni kaɗai, ko za ta yarda mu je likita tare. Ta ce sai mijinta ya sani. Na ce ita za ta gaya masa ko ni? Ta ce mu biyu. Mun sa Lahadi da dare, likita kuma Litinin.

Suyar da aka ce ta bari, ashe kaskon ne bango ya lanƙwasa, kuma kunya ta hana ta neman rance tunda ba ta zuwa taro. Yau Alhamis na kawo maganar gaban mata, na ce kasko kawai, ban ƙara ko harafi ba. An amince da jika goma sha biyar. Wata ta so ta ja ni da tambaya, na ce akwati muke rufewa.

Furar rabin kofi ta sha. Da zan fito ta rako ni har bakin zaure, ta ce, "Inna, naki biyun, ya sunansu?" Shekara ashirin da ɗaya ba wanda ya tambaye ni wannan. Na faɗa mata. A kan kabu-kabu hawaye ya yi ta zuba har yaron ya tsaya ya ce ko ƙura ce.

Malama, saura tambaya ɗaya kafin Lahadi. Mijin nata mutum ne mai jin nauyin abin da za a ce, in ya ji kalmar ƙwaƙwalwa zai ce an mayar masa da mata mahaukaciya. Da wace magana zan fara masa, ta rashin barcin ko ta ramar?